Birnin Da Ake Kira "Mun Huta"

Karatu: Markus 12:38 zuwa 13:2, Farawa 50:15-21



Cikin wasiƙun da kuke aiko mana akwai wata da ta daɗe a jakata ban amsa ba. Wata 'yar'uwa ce ta rubuto, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu. An kashe maigidanta a ɗaya daga cikin rikice-rikicen da suka auku a ƙasarmu, kuma ta san waɗanda suka yi, gama har yau kasuwa ɗaya suke ci. Ta ce duk shekara idan ranar ta kewayo takan tara yaran, ta fito da hoton babansu, ta faɗa masu yadda abin ya faru. Sai wasu a ikilisiyarsu suka ce mata wannan alama ce ba ta gafarta ba, wai wanda ya gafarta da gaske yakan manta, ya binne zancen. Ta rufe wasiƙar da tambaya: "Malam, idan na ƙi mantawa, na yi zunubi ke nan? In kuwa na manta, wa zai tuna da shi?"

Da na so, da na aika mata ayoyi biyu ko uku in ce ta yi haƙuri. Amma na san ba abin da ta tambaya ke nan ba. Da wasiƙar a jaka na tafi Njamena, babban birnin ƙasar Chadi, inda 'yan'uwa suka gayyace mu taron masu sauraro. Bayan an tashi taro muka sami yini guda ba aiki, sai mai masaukinmu ya ce ba zai bari mu koma gida ba mu ga gari ba. Tsohon malamin makaranta ne, mutumin kudancin Chadi, dattijon ikilisiya kuma. Hausarsa ta Maiduguri ce, can ya koye ta sa'ad da yaƙi ya kore su a 1980. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na bi.

Da sassafe ya kai mu bakin kogin Shari. A nan ne kogin Logon yake zubowa cikin Shari, su haɗu su nufi Tafkin Chadi. A hayin ruwa ga garin Kusuri na ƙasar Kamaru, kusa ƙwarai, har kana hango masu wanki. Baba ya ce mu dubi wancan gefen da kyau, gama daga can labarin wannan gefen ya taso. Ranar 22 ga Afrilu 1900 sojojin Faransa suka gwabza da Rabe kusa da Kusuri, Raben nan da ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa. Rundunoni uku ne suka taru a kansa. Ɗaya ta keto hamada daga Aljeriya ta Agadas da Damagaram, ɗaya ta hauro daga Kwango, ta ukun kuwa ragowar rundunar nan ce da ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899. A ranar Rabe ya mutu, kwamandan Faransawa mai suna Lamy shi ma ya mutu. Bayan 'yan makonni Emile Gentil ya kafa sansani a wannan gefen kogi, ya sa masa suna Fort-Lamy. Wato da sunan mamaci birnin ya fara, amma mamaci ɗaya tak. Ɗaruruwan da suka faɗi a wannan rana, mutanen Rabe da baƙaƙen sojojin Faransa, ba mai iya kawo maka sunayensu yau.

Hausawa sun san wannan mashigi tun da daɗewa. Kafin jirgin sama, ta nan mahajjatan ƙasa suke bi: Kano, Maiduguri, Dikwa, Kusuri, Fort-Lamy, Abeshe, sai Sudan. Wasu guzuri ya ƙare masu a nan, suka zauna suna ɗinki da fawa da koli, jikokinsu suna garin har yanzu.

Na tambayi Baba ma'anar sunan Njamena. Ya ce daga Larabcin ƙasar ne, ma'anarsa wurin hutawa, wasu kuma sukan fassara shi "mun huta". Shugaba Tombalbaye ne ya sauya sunan a 1973, lokacin da yake kawar da sunayen Turawa. Na ce kai, suna mai daɗi. Baba ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce a daidai wannan lokaci ne shugaban ya tilasta wa mutanen kudu shiga yondo, wato tsafin shiga balaga na gargajiya da ake yi a daji. Masu bi da yawa suka ƙi. Aka rufe majami'u, aka kori 'yan mishan, aka kashe fastoci da masu bishara, har aka binne wasu da rai. Shi kuwa Tombalbaye a hannun mishan ya tashi. Sojoji suka kashe shi ranar 13 ga Afrilu 1975. Bayan shekara huɗu yaƙi ya ɓarke a cikin birnin da kansa. An zauna sulhu a Kano a Maris 1979, aka sake zama a Legas a Agusta, amma a 1980 wuta ta sake kamawa, wata tara ana ɓarin wuta unguwa unguwa. Baba ya nuna mana wajen da ya shiga kwalekwale da matarsa da jariri a goye, su da dubban mutane, suka haye zuwa Kusuri. Birnin "mun huta" ke nan, shekara bakwai bayan raɗin suna.

Daga nan muka shiga gari, ni kuwa na zama cikakken baƙo. Babbar kasuwa tana kusa da babban masallacin Sarki Faisal. Na tsaya taya busasshen kifi, mai kifin ta faɗi kuɗi, na ce wannan ai kyauta ne. Ashe da riyal take lissafi, riyal ɗaya kuwa sefa biyar ne, kamar yadda ake ƙirga dala a Maraɗi. Aka yi ta yi mani dariya. A bakin ƙofar kasuwar Baba ya ce, a hankali, nan ne ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a Yuli 2015. Bai ƙara kome ba, ni ma hankalina yana wajen kifi. Muka bi titin Charles de Gaulle, na yi ƙorafin rana, na ce babban titi kamar wannan ba inuwa? Ya ce dā akwai manyan itatuwa tun na zamanin Turawa, amma bayan 'yan tawaye sun shigo har tsakiyar gari a Fabrairu 2008, gwamnati ta sa aka sare su don kada a sake samun maɓoya. Muka ga babban dandalin da suke kira Place de la Nation, wanda aka gina domin bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai na 11 ga Agusta 1960. Muka shiga gidan kayan tarihi, muka ga mutum-mutumin yumɓu na mutanen Sao, da manyan randunan da suke binne matattunsu a ciki, da kwafin ƙoƙon kan nan da ake kira Tumai, wanda aka tono a hamadar Jurab a 2001. Muka tsaya a babbar majami'ar Katolika, wadda aka buɗe a 1965, yaƙi ya lalata ta a 1980, aka sake keɓe ta a 2023 bayan dogon gyara. Ginin ya yi kyau ƙwarai. Na yi ta cewa, "Baba, dubi wannan! Baba, ka ga wancan?"

Sai daga baya na tuna akwai wani da ya taɓa yin irin wannan baki. A farkon Markus 13, Yesu yana fita daga Haikali, ɗaya daga cikin almajiransa ya jawo hankalinsa ga girman duwatsun da kyan gine-ginen. Baƙauye ne daga Galili ya zo birni, ba laifinsa ba ne. Ubangiji ya amsa masa cewa dukan wannan za a rushe shi ƙasa, haka kuwa ya faru a shekara ta 70 a hannun Romawa. Amma ka koma baya kaɗan, ƙarshen sura 12, ka ga abin da shi Yesu yake kallo a cikin wannan Haikali. Ya gargaɗi jama'a a kan malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Sa'an nan ya zauna yana duban masu ba da baiko, idonsa ya tsaya a kan wata matalauciyar gwauruwa da 'yan kuɗinta biyu. Wuri ɗaya suka shiga shi da almajirin, rana ɗaya. Almajirin ya fito da labarin duwatsu, Ubangiji ya fito da labarin gwauruwa. Ni ma ga shi na yini ina yabon gini, wasiƙar gwauruwa tana rataye a kafaɗata.

Da la'asar, muna shan shayi a gindin wata rumfa, Baba ya ce, "Ɗana, ka ga abin da ake nuna wa baƙo. Akwai wanda ba a nunawa, kuma ba shi da nisa da inda muka yini."

A zamanin Turawa akwai wani wurin iyo a tsakiyar garin, inda Faransawa suke wanka. A zamanin mulkin Hissene Habre, wanda ya riƙe ƙasar daga Yuni 1982 zuwa Disamba 1990, 'yan sandan cikinsa da ake kira DDS suka zuba wa wannan rami rufin kankare, suka yanka cikinsa ɗaki goma, ya zama kurkuku a ƙarƙashin ƙasa. Sunan bai canja ba, La Piscine, wato wurin iyo. A cikin zafin Njamena, wanda yakan wuce awo 40 a watan Afrilu, ana cusa mutane da yawa a ɗakin da bai fi na kwanan mutum biyu ba. Idan wani ya mutu, wani lokaci gawar takan kwana tare da masu rai. Akwai fursunonin da aikinsu shi ne haƙa kabari. Ɗaya daga cikinsu, Clement Abaifouta, ya rayu har ya ba da shaida a kan yadda suke kai gawawwaki wani fili a bayan gari mai suna Hamral-Goz, wanda mutane suke kira filin matattu. Hukumar binciken da gwamnatin Chadi ta kafa ta ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 aka kashe. A sama motoci suna wucewa, ana cin kasuwa, ana sujada, ana salla.

Tun da na ji wannan, hoton rufin kankaren nan bai bar ni ba. Na ga shi ne ainihin abin da ake roƙon 'yar'uwarmu ta yi. A zuba siminti a kan ramin, a share sama, a ci gaba da kiran wurin da sunansa na dā.

Kada mu yi saurin hukunta waɗanda suka ba ta wannan shawara. Suna da dalili. Sun ga yaran da aka shayar da labarin kisan ubansu tare da nono, suka girma ba abin da suke jira sai ranar ramuwa. Sun ga garuruwan da kowane ɓangare yake riƙe da lissafin nasa, wanda da an ji ƙarar tayar mota ta fashe sai kowa ya ruga neman adda. Sun gaji da jana'iza. Idan fasto ya ce a manta, sau da yawa tsoro ne yake magana a bakinsa, tsoron kuwa ba na banza ba ne. Suna kuma da aya a hannu, gama a Irmiya 31 da Ibraniyawa 8 Allah ya yi alkawari ba zai ƙara tuna zunuban jama'arsa ba. To, idan Allah ya manta, su wane ne mu?

Amma bari mu duba da kyau yadda Allah yake wannan "mantuwa". Dawuda ya kashe Uriya, ya ɗauke matarsa. Ya tuba, Allah ya gafarta masa, annabi Natan ya tabbatar masa da haka. Duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya sa aka rubuta labarin dalla-dalla a 2 Sama'ila 11, har da wasiƙar da Uriya ya ɗauka da hannunsa bai san hukuncin mutuwarsa ne a ciki ba. Bayan shekara wajen dubu, Matiyu yana jera kakannin Yesu, da ya zo kan Sulemanu sai ya ambaci Uriya, mutumin da ba ya cikin zuriyar. Sunan wanda aka zalunta yana nan a shafin farko na Sabon Alkawari. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa, aka gafarta masa, aka ba shi kiwon tumaki, amma dukan marubutan bishara huɗu sun rubuta abin da ya yi a daren nan. Bulus da bakinsa yake ta maimaita cewa ya tsananta wa ikilisiya. Tun a Farawa 4 ma, Kayinu ya yi ƙoƙarin rufe zancen ɗan'uwansa, Allah ya nuna masa cewa ƙasa ba ta iya toshe bakin jinin Habila ba. Saboda haka idan Littafi Mai Tsarki ya ce Allah ba ya tuna zunubi, nufinsa shi ne ba zai ƙara kawo shi a gaban shari'a a kan wanda ya tuba ba, gama an riga an biya. An biya shi kuwa a fili, a bayan birni, da tsakar rana, a gaban kowa, da rubutu a kan gicciye cikin harsuna uku. Bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya zo wurin almajiransa da salama, sa'an nan ya nuna masu hannuwansa da kwiɓinsa. Jikin ɗaukaka ne, amma tabon yana nan, har ya kira Toma ya taɓa.

Karatunmu na biyu ya nuna mana yadda abin yake tsakanin mutum da mutum. Bayan rasuwar Yakubu, 'yan'uwan Yusufu suka ji tsoro, suka zo suna roƙo. Yusufu ya yi kuka. Bai ce masu ba kome, ya wuce, ya ma manta ba. Ya faɗa masu a fuska cewa mugunta suka nufa da shi. Ya kira abin da sunansa. Sa'an nan ya ce shi ba a matsayin Allah yake ba, ya kuma ɗauki nauyin ciyar da su da 'ya'yansu. Abin da Yusufu ya ajiye shi ne ikon ramawa da hannunsa, ikon da yake da shi kuwa, gama shi ne na biyu a Masar. Tunanin ramin da aka jefa shi bai ajiye ba. Annabi Irmiya ma ya tsauta wa shugabannin addini na zamaninsa don suna ɗaure raunin jama'a sama-sama, suna shelar salama alhali babu ita. Duk wanda ya taɓa jinyar gyambo ya san wannan. In ka naɗe shi da tsumma ba ka wanke ba, ƙuda ne za su fara gaya wa maƙwabta.

A Njamena akwai mutumin da ya bi wannan hanya. Souleymane Guengueng akanta ne a Hukumar Tafkin Chadi, Kirista mai ibada. Aka kama shi a 1988, ya yi sama da shekara biyu a kurkukun DDS, har idanunsa suka kusa lalacewa. Ya sha faɗa cewa a can ciki ya yi wa Allah alkawari, idan ya fita da rai zai nemi gaskiya domin waɗanda ba su fita ba. Da Habre ya gudu a Disamba 1990, ƙofofin kurkuku suka buɗe, Guengueng bai nemi bindiga ba. Ya ɗauki takarda da biro, shi da 'yan'uwansa tsofaffin fursunoni, suka bi gida gida suna rubuta suna, da ranar kamu, da abin da aka yi wa mutum, suna manna hoto. Suka tara takardun mutum 792. Da ya ga tsofaffin ma'aikatan DDS sun koma kan muƙamai a sabuwar gwamnati, ya ɓoye takardun shekara da shekaru. Su ne suka zama harsashin ƙarar da aka shigar a Dakar a 2000. Ranar 30 ga Mayu 2016 wata kotu ta musamman ta Afirka a Senegal ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai, ya kuma mutu a Dakar a Agusta 2021. A Njamena ma, a Maris 2015, kotu ta ɗaure tsofaffin jami'an DDS 20, ta ba da umarnin diyyar sefa biliyan 75, ta ce a gina abin tunawa da matattu, a kuma mai da hedkwatar DDS gidan tarihi. Shekaru suka yi ta wucewa ba a aikata ba, tsofaffin fursunoni da yawa suka mutu suna jira. Romawa 12 ta hana mu ɗaukar fansa da kanmu, Romawa 13 kuma ta ce mahukunta ne aka ba takobi. Wanda ya kai ƙara gaban shari'a bai saɓa wa ko ɗaya ba.

Sai dai akwai wani abu da ya fi damuna, shi ne kuma ya sa ban iya rubuta wa 'yar'uwarmu "ci gaba kawai" ba. A 2001 ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedkwatar DDS, suka tarar da dubban takardu zube a ƙasa cikin ƙura. A ciki aka sami sunayen mutum 1,208 da suka mutu ko aka kashe, da 12,321 da aka zalunta. Ashe su ma azzaluman marubuta ne. Ba su manta da kowa ba. Sun san wane ɗan wane ne, daga wace kabila, ɗan'uwansa yana wane daji. A 1984 suka bi mutanen kudu, a 1987 Hajarai, a 1989 Zagawa, ana kama mutum saboda laifin da wani danginsa ya yi. A cikin takardun nan aka sami rahoto a kan wata fursuna mai suna Rose Lokissim, wadda take rubuta sunayen waɗanda ake tsare da su da waɗanda suka mutu a 'yan guntayen takarda, tana fitar da su a ɓoye zuwa ga iyalansu. Aka tona ta, aka kashe ta ranar 15 ga Mayu 1986. Ka ga, a kurkuku ɗaya hannu biyu suna rubuta suna. Ɗaya yana rubutawa don a san wanda za a kama gobe, ɗaya don uwa ta san inda ɗanta ya ƙare. Tunawa kaɗai ba ta mai da mutum mai adalci ba. Kayinu ma ya tuna cewa an karɓi baikon ƙanensa an ƙi nasa.

To, yaya mutum zai san wace irin tunawa ce a zuciyarsa? Baba ne ya nuna mani ma'auni, ba da wa'azi ba. Na tambaye shi ko abin ya taɓa gidansa. Ya ce ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, an ɗauke shi da dare a 1984, har yau ba kabari. Wanda ya nuna gidan maƙwabcinsu ne, kuma ya ci gaba da zama a unguwar bayan faɗuwar gwamnatin. Baba ya kai sunan ƙanensa wurin masu tara sunaye, ya faɗi abin da ya sani, har da sunan maƙwabcin. Da matar maƙwabcin ta rasu, Baba ya je gaisuwa, ya zauna a tabarma yini guda, ya kai buhun gero. Na ce, "Baba, ya taɓa neman gafara?" Ya ce, "Bai taɓa ba. Na yafe masa a gaban Allah, na kuma gaya masa na san abin da ya yi. Sauran tsakaninsa da Allah ne." Sa'an nan ya ƙara wani abu da ban tambaya ba. Ya ce a 1979, sa'ad da ake kashe mutanen kudu a Njamena, a garuruwan kudu kamar Mundu da Sar an kashe Musulmi da yawa, 'yan kasuwa da iyalansu, kuma cikin masu kisan akwai waɗanda aka yi wa baftisma. Ya ce duk ranar da yake tuna ƙanensa a addu'a, yakan ambaci wani mai shago Musulmi da ya sani a Mundu, da wani abokin aikinsa Bahajare da aka ɗauke a 1987. "In na ƙirga nawa kaɗai," in ji shi, "lissafin yaƙi nake yi."

Maganar nan ta soke ni, gama na san yadda muke yi a gida. A taron addu'a muna da adadin majami'un da aka ƙone, da sunayen fastocin da aka kashe, daidai ne kuwa mu riƙe su. Amma mu nawa ne za mu iya faɗin sunan mutum ɗaya na wancan ɓangare da yaranmu suka tare a hanya? Mai shayi, ko ɗan acaba, ko almajiri da bai san hawa ba bai san sauka ba? Su ma can suna da nasu lissafi, babu namu a ciki. Kowa ya haƙa ramin nasa ya bar shi buɗe, ya zuba kankare a kan na maƙwabcinsa. Takardun Guengueng sun tsaya a gaban kotu domin akwai kowa a ciki, Kirista da Musulmi, kudu da arewa, kuma tare suka je Dakar suka ba da shaida.

Ban ce dole kowa ya yi magana ba. Akwai waɗanda abin da suka gani ya fi ƙarfin bakinsu, shirunsu ba zunubi ba ne, kada kuwa wani ya matsa masu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora wa mai makoki shiru don a sauƙaƙa wa sauranmu zama.

Da magariba Baba ya mai da mu bakin kogi. Masunta suna dawowa, fitilun Kusuri sun fara kamawa, ana kiran salla a gefen biyu. Ya cire hula ya yi addu'a da harshensu, ban ji kome ba sai sunaye uku da ya ambata a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

A daren na zauna na amsa wasiƙar. Na ce mata, 'yar'uwata, ba ki yi zunubi ba. Ki ci gaba da fito da hoton. Ki faɗa wa yaran gaskiya, har da cewa mugunta ce aka yi wa babansu, kada ki sa mata wani suna. Amma ki lura da abin da kike sa masu a hannu sa'ad da kike faɗa. Ki gaya masu irin mutumin da yake, abin da yake sa shi dariya, waƙar da yake so a sujada, don kada ranar mutuwarsa ta cinye dukan shekarun ransa. Ki bar su su ji kina yi wa waɗancan mutane addu'a da bakinki, ko da muryarki tana rawa, ko da a wannan shekara iyakar abin da za ki iya cewa shi ne Ubangiji ka ga zuciyata. Idan akwai hanyar shari'a, ki bi, ba laifi. In kuma kin san wata mace a wancan gefen gari da ta rasa nata mijin a wannan mako, ki gaya wa yaran akwai ta, ita ma tana da 'ya'ya. Na ce ta kai wa fastonsu wasiƙar su karanta tare, ba don gardama ba, gama shi ma mai yiwuwa yana ɗauke da nasa ramin.

Da na sake karanta tata wasiƙar kafin in rufe ambulan, sai na lura da abin da ya wuce ni duk watannin nan. Shafi uku ta rubuta, ta ce "maigidana", ta ce "babansu", ta ce "marigayi", amma ko sau ɗaya ba ta rubuta sunansa ba. Na buɗe tawa na ƙara layi ɗaya a ƙasa, na roƙe ta ta aiko mani da sunan.